Yarinyar da Ba Ta Sha Wahala Ba

Tun da aka daina rubuta takardar neman tallafin karatu, munduwa ake saka wa yaro ranar suna, ita ke tara labarin rayuwarsa. Jiya na kai Lubabatu, 'yata mai shekara huɗu, ofishin masu ba da shawara na jami'a a duba tata.

Malam Ɗanjuma, jami'in da muka tarar, ya ɗora hannunta kan gilashin teburinsa, ya daɗe yana girgiza kai.

"Maman Luba, akwai gyara. Yarinyar nan ba ta sha wahala ba ko kaɗan."

"To, alhamdulillahi mana, Malam."

"Alhamdulillahi, amma masu tallafin nan wanda ya taso cikin ƙunci suke so. Ko sau ɗaya ba ta kwana da yunwa ba. Me za mu nuna musu in ta kai sha takwas?"

"Yanzu tuwo kake so in hana ta?"

"Subhanallahi, ni ban ce ba! A dai rage goyo. Zazzaɓi kuma ba dole a ruga asibiti ranar farko ba."

Na ja tsaki, na kama hannun 'yata muka fito. A bakin ƙofa wata mata na cire wa ɗanta takalmi tana cusawa a jaka, ga kwalta ta ɗau zafi.

"Umma, ni ma in cire?" in ji Luba.

Na sunkuya na goya ta. Munduwar ta yi ƙara dab da kunnena, alamar makinta na samun tallafi ya ragu. Na ƙara tamke zanina.