Waya Ɗaya Tak

"Yaya, hannuna!" ƙanena ya ƙwala ihu a masana'antar da muke aiki. Na'urar matse ƙarfe ta danne masa hannu, ta tsaya cak.

Na ruga wajen kwamfutar da ke sarrafa ta. Injinan da ke motsa na'urar duk a waya ɗaya suke jere, ta nan kaɗai umarni ke isa gare su. Na tura umarnin buɗewa. Shiru. Na sake turawa. Babu injin da ya amsa.

"Yaya, don Allah..." Muryarsa ta fara dusashewa.

Sai ga Babanmu, mai gadin masana'antar, yana haki, da adda a hannu.

"Ku kwantar da hankalinku, 'ya'yana. Ba za ta ƙara motsi ba. Na datse wayar."