Ɗakin Masu Tari

"Ka mayar da shi ɗakin masu tari," ta ce wa ƙaninta ganduroba. "Wanda ba shi da taga."

"Yaya, ki ji tsoron Allah. Tarin fuka ne fa."

"Shi ya ji tsoron Allah da ya fasa wa mijina kai?"

Fursunan ƙanin mijin nata ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Ɗaurin rai da rai bai ishe ta ba. So take ya mutu a hankali, yana tofar da jini. Ranar da ta ji ya kamu, ta ci abinci har da ƙari.

Wata safiya tana yi wa autarta kitso, sai ga sallama. Ƙanin mijin nata ne, ya rame ƙashi da rai.

"An sallame mu, mu da likita ya cire rai da mu. Wai kowa ya ƙarasa a gida."

Ya zauna, ya jawo yarinyar jikinsa, ya yi tari mai tsawo.

"Matar yaya, an ce ke kika zaɓa min ɗaki a can. To, zaɓa min a nan ma."