Mai Zuma da Mujiyar Dutse

Ya kai mai saurarona, ka tattara hankalinka wuri guda, domin ba a bakin kowane malami ake jin irin wannan misali ba. An yi wani mai ɗibar zuma a cikin kurmin duwatsun kudu, inda hazo kan kwana a kan itatuwa. Shekara arba'in bai taɓa hawa bishiya ya buɗe amya ba sai ya ji kukan wata ƙaramar mujiyar dutse, mai kira sau uku ta yi shiru. Da kukanta yake gane dare ya natsu, ƙudan zuma sun lafa. Da tsufa ya ci gwiwoyinsa, ɗansa ya sauko da shi birni, ya ba shi ɗaki mai siminti da katifa. Amma barci ya ƙaurace wa dattijon. Kullum yana zaune, ya karkata kunne wajen taga, yana ramewa kamar kara.

Ɗan nan, da yake mai jin ƙan mahaifi ne, ya tafi wurin maharba ya sayo mujiya a keji, ya jure tsegumin maƙwabta masu cewa ya jawo wa unguwa mugun abu. Da duhu ya yi, tsuntsuwar ta saki wani ƙaraji mai kaushi, irin na mujiyar rufin masallaci da tsofaffin rumbuna. Dattijo ya saurara har ta gama, sa'an nan ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana. Amma wannan 'yar garinku ce. Sake ta." Aka buɗe keji, ta tashi.

Bayan kwana biyu, ɗan ya farka cikin dare ya ji wani kira mai taushi, sau uku, sai shiru. Ya bi sautin a hankali har ƙofar ɗakin mahaifinsa. Ga tsohon a bakin katifa, ya haɗa tafukansa biyu yana busawa a ciki, sa'an nan ya dakata, ya karkata kunne, yana jiran amsa daga dutsen da ke nisan tafiyar kwana biyu a mota. Gari na wayewa ɗan ya fara ɗaure masa kaya, domin ya mayar da shi gida.

To, ka ji. Magabata ba su yi ƙarya ba da suka ce: kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi.