Alwala a Gindin Darbejiya

Shekarar da aka yi fari, Baba ya dasa darbejiya a jigawar ƙofar gidanmu. Ni ke ɗebo mata ruwa daga rijiyar bayan gari. Wata la'asar na juye tulu guda a gindinta, kafin in miƙe rairayi ya shanye tas.

Takaici ya ishe ni. Na ce, "Baba, mu ba mu ƙoshi da ruwa ba, sai ƙasa muke shayarwa?"

Ya ɗauko butarsa, ya tsuguna a gindinta ya yi alwala, sannan ya ce, "Daga yau kowa a nan zai riƙa yin tasa."

Da ruwan alwalarmu ta rayu. Bara yayana ya sare ta, wai tana tare masa gaban shago.