Yatsan Mai Rake

Kafin in miƙa maka na'urar awon sukarin nan, saurari misalin wani mai sayar da rake a bakin tasha. Ciwon sukari ya kama shi, ciwon da ya sa aka yanke wa yayansa ƙafa, don haka tsoro ya riga ya yi masa gida a zuciya. Aka ba shi na'ura da 'yan siraran takardun awo. A bakin kowace takarda an shafa wani sinadari, da ya haɗu da sukari sai ya tayar da ɗan lantarki mitsitsi, na'urar ta auna ƙarfinsa ta nuna lamba. Aikinta ke nan. Ba ta tambayar daga ina sukarin ya zo.

To, gogan naka sai ya fere rake tun safe, ruwansa ya bushe masa a hannu, sannan ya goge yatsa a jikin riga ya tsira allura. Lamba ta haura sama. Washegari ta fi ta jiya. Ya daina tuwo, ya daina koko, da kansa ya ninka ƙwayar maganin sukarin da aka ba shi, bai gaya wa kowa ba don gudun a ce masa asibiti. In ya zauna sai ya yi ta latsa ƙafarsa yana duban inda wuƙa za ta bi. Rana ta huɗu, ana kiran azahar, hannunsa ya soma rawa, gumi mai sanyi ya karyo masa, motocin tasha suka zama bibbiyu. Ya jingina da damin rakensa ya sake awo, lamba na nan a sama. Ya yi salati, ya laluba aljihu zai ƙara wata ƙwayar.

Allah ya sa mai kemis ɗin tsallaken titi ya hango shi yana layi a zaune. Ya zo ya riƙe hannun, ya ji yana danƙo kamar an tsoma shi a zuma. Ya wanke shi da sabulu, ya bari ya bushe, ya saka sabuwar takarda. Sai ga lamba ta faɗi ƙasa warwas, inda ƙwaya ɗaya kan iya kai mutum kushewa.

"Baba, ai kwana huɗu rakenka kake aunawa, jininka kuwa yunwa ce ke neman kashe shi."

Ya yanko gaɓa ɗaya daga damin da mutumin ke jingine da shi, ya fere, ya ce ya tsotsa maza. Kafin ya tofar da tuƙa ta uku rawar hannun ta lafa.

Don haka ka wanke hannu kafin ka tambayi na'ura, kada kuma ka taɓa magani sai da mai sani. Hausawa dai sun faɗa: rashin sani ya sa kaza ta kwana a kan dami.