Dangin Mai Tudu

Tun da hukuma ta kewaye tudun kabarin bayan gari da gilashi, ba mai shiga sai wanda na'urar ƙofa ta shaida jininsa ɗaya da matar da ke kwance ciki tun kafin a kafa garin. Malam Tanimu kaɗai ya rage.

Ranar Juma'a ya dogaro sandarsa, ya ɗora tafin hannu, ƙofa ta buɗe.

Mai gadi ya ce, "Baba, me kake faɗa mata? Ko sunanta ba a sani ba."

"Labarin gida, ɗana. Duk nawa sun riga ni."

"In ka tafi fa?"

"Ƙofar ta rufe ke nan."

Ya zauna a gindin tudun, ya yi sallama, ya ɗan saurara.