Makarar Mai Ganga

"Tsaya," na ce, karo na tara, na zube a kujera ina haki.

Faifanmu na ƙarshe ke nan. A wannan ɗakin naɗar waƙa na birnin Memphis muka fara kiɗan bulus, irin na baƙaƙen Amurka, mu huɗu. Yau saura mu uku, kowa da ciwon gwiwarsa. Bara muka binne mai gangarmu. Shekara arba'in na yi ina zaginsa, don kullum sandarsa sai ta makara da ƙiftawar ido. Har a gaban 'yan kallo na taɓa kiransa jirgin kaya.

Wanda muka ɗauko a madadinsa kuwa kamar agogo yake, ba ya kuskure. Amma tun safe na kasa kai baiti ɗaya ƙarshe.

"Ina na ɓata, yallaɓai?" sabon mai gangar ya tambaye ni.

"Ba kai ba ne. Huhun ne ya tsufa. Mu tattara kawai."

Mai jitarmu ya ture kofinsa da ya huce, yana murza kumburarrun yatsunsa.

"Huhunka dai tun muna samari a ruɓe yake, tsohon banza. Taba ta cinye shi tun faifai na biyu."

"To, da me nake waƙar duk shekarun nan?"

"Kai kana gaba, ka ba mu baya, shi ya sa ba ka taɓa gani ba. Marigayi kafaɗunka yake kallo. Ba ya sauke sanda sai ya ga ka ja numfashi."